Ina gwaggo ta shiga? Yadda yankan hoto ke fitar da mutane daga bikin aure a Gure

Kwana biyu ko uku bayan an kai amarya, kiran da mai hoto ya fi fargaba a garin Gure shi ne na wanda ke tambayar inda ya shiga a hoto. Mutum ya san ya tsaya a layi, an ce a matso ya matso, ya ga walƙiyar kyamara da idonsa, amma hoton da ke yawo a WhatsApp babu shi. Wani lokaci ma yana ciki rabi da rabi: kafaɗa ɗaya da hannun riga, fuskar ta tafi.

Sau da yawa mai hoton bai cire kowa ba. Idan aka buɗe ainihin hoton da ke cikin katin kyamara, kowa yana nan tsaye inda ya tsaya. A hanya aka yanke shi, tsakanin kyamara da waya, ko tsakanin waya da injin wanke hoto.

Gure, wanda ake rubutawa Gouré a taswira, yana gabas da Damagaram da tazarar sama da kilomita 150, a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa. Tsohuwar cibiyar ƙasar Muniyo ce, gari ne da Barebari da Hausawa da Tubawa da Fulani da Buzaye ke cuɗanya, kuma kamar sauran garuruwan jihar Damagaram, yana da 'ya'ya da yawa a waje. Wasu suna Yamai da Agadez, wasu Kano, wasu Libiya da Aljeriya. Wanda ke Sabha ko Tamanrasset yakan aiko da gudunmawarsa ta biki, sannan ya zauna jiran hotuna. A wurinsa hoton shi ne bikin gaba ɗaya. Wanda ya gani a ciki ya halarta, wanda bai gani ba sai ya fara tambayar ko lafiya.

Awo uku da ba sa jituwa

Kowane hoto yana da awon tsawo da faɗi, kuma a nan matsalar take. Yawancin kyamarorin da masu hoton biki ke ratayawa, irin su Canon da Nikon da Sony, suna ɗaukar hoto ne a awon 3:2, wato idan dogon gefen ya kai taku uku, gajeren taku biyu ne. Awon gado ne daga fim mai milimita 24 da 36 wanda kyamarar Leica ta Jamus ta yaɗa tun da ta shiga kasuwa a 1925. Fim ya ɓace daga yawancin shaguna, awonsa ya zauna.

Kyamarar waya kuma galibi 4:3 take ɗauka, hoton ya fi kusa da murabba'i. Fuskar wayar ita ma nata daban: doguwa ce siririya, kuma sitatus na WhatsApp, wanda aka fara a 2017, da bidiyon TikTok an gina su ne a kan awon 9:16 a tsaye.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki hoton dangi da aka yi a kwance da kyamara mai megafiksel 24, faɗinsa ɗigo 6,000, tsayinsa 4,000. Idan aka so ya cika fuskar waya a tsaye ba tare da baƙin fili sama da ƙasa ba, ɗigo 2,250 kawai za su rage daga faɗin. Kashi 62.5 cikin 100 na hoton ya tafi ke nan. Idan mutum goma sha shida ne suka jeru, shida na tsakiya ne za su tsira. Idan murabba'i aka mayar da shi don hoton fuskar shafi, kashi ɗaya cikin uku ne zai tafi, sannan WhatsApp ya zagaye abin da ya rage ya cinye kusurwoyi huɗu.

Su ma manhajojin ba su tsaya wuri ɗaya ba. Instagram ya fara a 2010 da murabba'i zalla, sai a 2015 ya yarda da hoton tsaye da na kwance, aka daɗe ana yanka hotuna zuwa 4:5 dominsa, sannan a farkon 2025 ya sauya jerin hotunan da ke shafin mutum daga murabba'i zuwa dogaye. Duk wanda ya yanka hotunan bikinsa daidai da tsarin wata manhaja ya watsar da na asali, ya ɗinka riga ne da awon wanda bai daina girma ba.

Wa ke tsayawa a gefe?

Da a ce bango da kujerun roba kaɗai ake yankewa, da babu mai ɗaga murya. Amma tsarin tsayuwa a hoton biki ba a banza yake ba. Amarya ko ango a tsakiya, sai mahaifiya ko manyan ƙawaye masu anko, sai a yi ta jeruwa. Gefe kuwa wurin masu kawaici ne da waɗanda aka kira daga baya: gwaggon da ke fama da tukunya aka ce ta zo a ɗauka da ita, abokiyar zaman uwar amarya, matar yaya da ta ja baya don kada a ce ta cika shiga gaba, baƙuwar da ta taso daga ƙauye tun asuba. Su ne almakashi ke fara samu.

A gidan da ake zaune mata biyu ko uku, hoton da ya nuna ɗaya ya bar ɗaya ba ya wucewa a matsayin kuskuren na'ura. Wadda aka yanke ba za ta zauna tana lissafin 3:2 da 9:16 ba. Abin da ta sani shi ne ta yi kwana uku tana hidima, ga hoto ya fito a sitatus ɗin amarya babu ita, kuma duk dangi har na Libiya sun gani. Haka a ɓangaren maza: hoton ɗaurin aure a ƙofar gida ko harabar masallaci a kwance yake, domin jama'a a shimfiɗe suke zaune, kuma ba a tsara zaman don kyamara ba. Waliyyi yana iya kasancewa can ƙarshen tabarma.

Yawanci ba mai hoto ke yin wannan yankan ba. Ƙanwar amarya ce ta buɗe hoton, ta ga ya fito ƙarami a tsakiyar waya da baƙi sama da ƙasa, ta ja shi da yatsu biyu har ya cika, ta ɗauki hoton fuskar wayar ta tura. Daga nan wannan yankakken ne zai yi ta yawo daga waya zuwa waya, har a manta akwai cikakke. Amma sunan mai hoto ne ke rubuce a ƙasan hoton, don haka shi ake kira.

Santimita a nan, inci a can

Takarda ita ma da nata rikicin, kuma a Gure rikicin biyu ne, saboda garin yana tsakanin tsarin awo guda biyu. A Nijar, kamar Faransa, da santimita ake kiran girman hoto: 10 da 15, 13 da 18, 20 da 30, 30 da 40. A Najeriya kuwa da inci ake kira: 5 da 7, 8 da 10, 12 da 16, 16 da 20. Kayan kasuwannin jihar Damagaram da yawa daga Kano suke shigowa, don haka ba abin mamaki ba ne a wanke hoto da awon santimita a zo saka shi a firam da aka ƙera da awon inci.

Daga cikin waɗannan, 10 da 15, da 20 da 30, da 40 da 60 ne suka dace da hoton kyamara ba tare da an taɓa komai ba, domin duk 3:2 ne. Idan 13 da 18 ne, ana asarar ɗan siririn yanki, ƙasa da kashi 8 cikin 100 na dogon gefen. Idan 30 da 40 ne, kusan kashi 11. Mai inci 8 da 10, da yayansa 16 da 20, su ne masu cin rabo: kashi ɗaya cikin shida na dogon gefen suke cinyewa. A hoton mutum goma sha biyu da suka cika layi, mutum biyu ke nan, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Bakin firam ma yana rufe 'yan milimitoci a kowane gefe, abin da ya isa ya shafe kunnen wanda ya riga ya tsira da ƙyar.

Hoton waya kuma matsalarsa a juye take. Idan aka wanke mai awon 4:3 a takarda 10 da 15, gajeren gefen ne ke raguwa da kusan kashi 11. A hoton kwance, sama da ƙasa ke nan, wato hula da takalmi.

Injin wanke hoto yana ba da zaɓi biyu: ko a cika takardar a yanke abin da ya yi saura, ko a shigar da hoton gaba ɗaya a bar farin fili a gefe biyu. Idan ba a faɗi komai ba, na farkon aka fi yi, domin mai kaya ya fi saurin ƙorafi a kan farin gefe fiye da abin da bai san an yanke ba. Injin kuma daga tsakiya yake aunawa, bai san amarya ba, bai san gwaggo ba. Manyan hotunan bango galibi a manyan birane ake wanke su, irin Damagaram ko Kano. Wanda ke zaune gaban injin bai halarci bikin ba, kuma kafin a ga aikinsa hoton ya riga ya hau mota ya iso Gure a cikin firam.

Akwai hanya ta uku, wadda ta fi duka muni, kuma an fi ganinta a kalanda da sitika da ƙyallen da ake ratayawa a wurin biki. Maimakon a yanka ko a bar fili, sai a ja hoton da ƙarfi ya cika wurin. Amarya siririya ta koma mai faɗi, ko ango ya miƙe kamar an rataye shi. Kowa yana ciki, amma babu wanda ya yi kama da kansa.

Daga ɗankwali zuwa lalle

Shigar biki a wannan yanki ba ta yafe wa mai yankan ganganci. Kwalliyar amarya tana farawa daga ƙolin ɗaurin ɗankwali ta ƙare a lallen ƙafa, kuma duka biyun an kashe musu kuɗi da sa'o'i. Lafaya, wadda matan gabashin Nijar suka shahara da ita, kyanta yana cikin yadda ta zubo daga kai zuwa idon sawu. Hoton da ya datse ta a gwiwa ya zubar da rabin abin da aka saya. Babbar rigar ango kuma faɗi take nema: da ya ɗaga hannu ya gyara ta a kafaɗa, ta cika hoton tsaye daga gefe zuwa gefe. Rawani da doguwar hula su ma suna son sarari a sama.

Masu sana'ar suna da tsohuwar ƙa'ida a kan wannan: ba a yanka mutum a gaɓa. Kada layin yankan ya faɗa a wuya, ko gwiwar hannu, ko wuyan hannu, ko gwiwa, ko idon sawu, domin ido yana ganin hakan kamar an guntule mutum. A tsakanin gaɓoɓi ake yanka, kamar tsakiyar cinya ko ƙasan ƙirji. A hoton amarya akwai ƙarin sharaɗi: hannu ya fito duka ko kada ya fito sam, saboda mai lalle ma tana jiran hoton don ta nuna aikinta.

Ba kowane yanka ne ɓarna ba. Akwai gidajen da ba sa son fuskar amarya ko ta matan aure ta hau intanet, sai su nemi a fitar musu da hoton hannu da lalle da zobe kawai, ko a cire wata daga gefe kafin a wallafa. Akwai kuma bokiti da igiyar shanya da yaron da ya leƙo, waɗanda cire su gyara ne. Bambancin shi ne a nan wani ya duba ya yanke shawara.

Yadda na da suka yi

Tsofaffin masu hoton Afirka ta Yamma ba su sha wannan wahalar sosai ba, domin awo ɗaya suke aiki da shi daga farko har ƙarshe. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yana ɗauka ne a fim mai santimita 13 da 18, ya ɗora shi kai tsaye a kan takarda ya fitar da hoto daidai girmansa. Abin da ya tsara a kyamara shi mai hoto ke kai wa gida. Malick Sidibé, wanda aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice a 2007, ya yi yawancin hotunan shagonsa a murabba'i, shi ya sa mutanensa ke fitowa daga kai har takalmi, da tabarmar da suka taka.

A Turai, Bafaranshe Henri Cartier-Bresson ya yi suna wajen ƙin yarda a yanka masa hoto, har ana wanke hotunansa da baƙin layin gefen fim don a shaida ba a rage komai ba. Duk da haka, ɗaya daga cikin hotunansa mafi shahara, na mutumin da ke tsallake ruwa a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Paris a 1932, yankakke ne, domin ta tsakanin katakon shinge ya ɗauke shi, katakon ya tare gefe ɗaya. Ko mai tsaurin ra'ayi ya yanka da ta kama, amma shi ya zaɓi inda almakashin zai bi.

Mai hoton Gure na yau ba shi da gatan awo ɗaya. Hoto guda zai shiga albam, ya hau bango, ya hau sitatus, ya zama hoton fuskar shafi, wataƙila ya ƙare a jikin kofi.

Abin da masu lura ke yi

Maganin yana farawa tun a wurin biki. Mai hoton da ya san aikinsa yakan ja da baya taku ɗaya ko biyu a hoton taro, ya bar sarari a dama da hagu wanda ko an cire kashi ɗaya cikin shida ba zai taɓa kowa ba. Kyamarori da yawa suna iya nuna layukan awo a fuskarsu don a ga inda 4:5 ko murabba'i zai tsaya. Maimakon layi ɗaya mai tsawo, yakan jera mutane sahu biyu ko uku, wasu a zaune wasu a tsaye, taron ya dunƙule a tsakiya. Manyan hotuna kuma, irin na amarya da iyayenta, yakan ɗauke su sau biyu, a kwance da a tsaye. Hoton da aka ɗauka a tsaye kashi 16 kawai yake asara idan aka mayar da shi awon sitatus, ba 62 ba.

Ja da baya yana da nasa farashi. Fuskoki suna ƙanƙancewa, kuma a tsakar gida mai ƙunci, cike da mata da yara da tukwane, wani lokaci babu bayan da za a ja. Nan ne raba taron gida biyu ya fi tilasta shi a hoto ɗaya.

Sai wajen miƙa aiki. Abin da ya fi dacewa shi ne mai biki ya karɓi cikakkun hotuna a awonsu na asali, ba a rage komai ba sai gyaran da mai hoto ya yi da gangan, sannan a ware masa wasu zaɓaɓɓu da aka riga aka shirya don waya. A waɗannan, hoton taro ba a yanka shi: ana ɗora shi ne a kan doguwar shimfiɗa fara ko mai launi, ya zauna a tsakiya da kowa a ciki, ta yadda mai turawa ba za ta ga abin da za ta ja da yatsa ba. Na bango kuma ba a aika shi wurin wanki sai an san awon firam, mai hoto ya yanka da hannunsa daidai wannan awo, ya nuna wa masu shi a waya sun amince.

Wasu masu hoto suna riƙe cikakkun hotunan su ba da yankakku kawai, ko don gudun a ɓata musu aiki, ko don a dawo a sake biya. Tsoron nasu yana da dalili, amma hoton aure ba na mako ɗaya ba ne. Bayan shekara goma, wanda ke gefen nan yana iya zama wanda aka fi neman hotonsa, kuma a lokacin kati ya lalace ko an goge shi an yi wani bikin.

Hanyar turawa ma tana rage hoto. Idan aka aika shi a WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi, dogon gefen ya dawo kimanin ɗigo 1,600. A waya ba a ganin bambanci. A takarda ana gani: hoto mai kyau na 10 da 15 yana son ɗigo kusan 1,800 da 1,200, na 20 da 30 kuma ninkin haka a kowane gefe. Idan aka yanka wanda aka riga aka matse, sannan aka ce a wanke shi babba, fuska takan fito kamar an shafa mata hazo. Tun 2023 WhatsApp ya ƙara zaɓin tura hoto da inganci mafi girma, amma hanyar da ba ta taɓa hoton ko kaɗan ita ce a tura shi a matsayin fayil, ko a zuba a filashi ko katin waya. Fayil yana cin data, kuma inda intanet ke rarrafe hakan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa ya fi sauƙi a zaɓi goma ko ashirin da za a wanke a tura su haka, sauran su bi ta hanyar da aka saba.

Sabbin manhajojin gyaran hoto masu ƙirƙirarriyar basira, ciki har da Photoshop tun 2023, suna iya faɗaɗa hoto su cike gefen da babu. Suna da amfani idan bango ko sama ko yashi ake son ƙarawa don hoton kwance ya zama na tsaye. Amma abin da suke cikewa zato ne. Idan aka ba su hoton da aka yanke gwaggo rabi, za su ƙarasa ta da kafaɗa da mayafin wata da ba a taɓa haifa ba.

Ga wanda ke shirin biki a Gure, ko yake aiko da kuɗin mai hoto daga waje, tambayoyin da za a yi kafin ranar ba su da yawa: wane hoto ne zai hau bango kuma a wane girma, firam ɗin na santimita ne ko na inci, su wane ne dole su fito komai ƙuncin wuri, kuma za a ba da cikakkun hotunan ko yankakku kawai. Idan an riga an sayi firam, a auna cikinsa da tef a faɗa wa mai hoto lambobin biyu kafin ya aika aikin Damagaram.